FASHIN BAƘI: Waƙoƙi da raye-rayen gargajiyar Tibet, da dalilin da ya sa ake karrama wasu mawaƙa ana ɗaure wasu

A shekarar 1995 wani matashi mai suna Ngawang Choephel ya shiga Tibet ɗauke da kyamarar bidiyo. A can aka haife shi, amma tun yana ƙaramin yaro mahaifiyarsa ta tsallaka da shi Indiya, inda ya tashi cikin 'yan gudun hijira, ya koyi kiɗan gargajiya, daga baya ya samu tallafin karatu na Fulbright a kwalejin Middlebury da ke Amurka. Abin da ya mayar da shi ƙasar haihuwarsa shi ne ya naɗi waƙoƙi da raye-rayen ƙauyuka kafin tsofaffin da suka iya su su ƙare. Shekarar ba ta fita ba jami'an tsaro suka kama shi a garin Shigatse. A ƙarshen 1996 hukumomin ƙasar Sin suka sanar cewa an yanke masa ɗaurin shekara 18 bisa laifin leƙen asiri. Sai a watan Janairun 2002 aka sake shi bisa dalilin rashin lafiya.

A shekarar 2009 fim ɗin da ya haɗa kan waƙoƙin, mai suna Tibet in Song, ya samu lambar yabo ta musamman a bikin fina-finai na Sundance. A wannan shekarar ce kuma hukumar UNESCO, bisa buƙatar gwamnatin Sin, ta shigar da wasan kwaikwayon waƙe na Tibet da tatsuniyar Sarki Gesar cikin jerin al'adun gadon bil'adama. Gwamnatin da ta ɗaure mai naɗar waƙa ita ce ta kai waƙar gaban duniya tana alfahari da ita. Wanda yake son gane yadda aka yi hakan ta faru, sai ya fara da sanin su waƙoƙin, da wuraren da ake rera su, da aikin da suke yi wa masu su.

Ƙasar da waƙoƙin suka fito

Tibet tudu ne mai faɗi a arewacin tsaunukan Himalaya, wanda mafi yawansa ya haura mita 4,000 daga doron teku. Mutanensa sun raba shi kashi uku tun da daɗewa: U-Tsang a tsakiya da yamma, inda Lhasa da Shigatse suke, Kham a gabas, Amdo a arewa maso gabas. Ƙidayar da Sin ta yi a 2020 ta nuna 'yan ƙabilar Tibet sun kai kimanin miliyan 7. Fiye da rabinsu ba sa cikin yankin da Beijing ta kafa a 1965 da sunan Yankin Tibet Mai Cin Gashin Kai. Suna lardunan Qinghai, Sichuan, Gansu da Yunnan.

Wannan rabuwa tana da tasiri a kan kiɗa. Karin harshen Amdo ya yi nisa da na Lhasa har mutanen wuraren biyu kan sha wahalar fahimtar juna. Makiyayin da ke bin shanun tsaunin nan da ake kira yak, da manomin sha'ir a cikin kwari, da ɗan birnin Lhasa, kowa da irin muryarsa da irin takunsa.

Lu da shey

Manyan rassan waƙar jama'a guda biyu ne. Na farko shi ne lu, waƙar da aka fi sani da makiyaya. Mutum ɗaya ke rera ta, babu kayan kiɗa, babu bugun da zai ɗaure ta. Mawaƙi kan ɗaga murya sama ƙwarai, ya ja gaɓa ɗaya iya tsawon numfashinsa, yana karkaɗa ta da wata rawar maƙogwaro da ake daɗewa ana koyo. Murya ce da aka gina don fili, inda mai sauraro yake can hayin kwari. A Amdo ana yawan tsara baitocinta uku-uku: na farko ya yi zancen sama da abin da ke cikinta, na biyu ya sauko kan tsauni ko dabba, na uku ya iso kan mutane, inda ainihin saƙon yake. Mai sauraro ya saba jiran baiti na uku, ya kuma saba gane cewa rana ko tsuntsu ko tsauni na iya tsayawa a madadin wani mutum.

Reshe na biyu shi ne shey, waƙa mai tsayayyen bugu wadda ake iya takawa. A tsakiyar Tibet baitinta yakan zo da ɗango huɗu, kowane ɗango gaɓa shida. Da wannan awo aka san waƙoƙin soyayyar da ake jingina wa Dalai Lama na shida, Tsangyang Gyatso, wanda aka haifa a 1683, ya ƙi rayuwar zuhudu, har yau kuma ana rera baitocinsa.

Kusan kowane aiki yana da tasa waƙar: shuka, girbi, sussuka, tatsar nono, kaɗa man shanu, ɗora wa dabbobi kaya. Wadda ta fi ɗaukar ido ita ce waƙar daɓe. Ana daɓe ɗakuna da rufin manyan gine-gine, irin su fadar Potala da ɗakin ibada na Jokhang, da wani haɗin ƙasa da tsakuwa da ake kira arka. Ma'aikata kan jeru sahu-sahu, kowa riƙe da sanda mai dutse a gindi, su kasu gida biyu suna ba juna amshi, ƙafa da sanda suna sauka tare. Waƙar ce ke daidaita bugun, don daɓen ya kwanta bai ɗaya, kuma aikin kan ɗauki kwanaki.

Akwai changshey, waƙoƙin da ake rerawa idan za a miƙa wa baƙo giyar sha'ir a wurin biki. Akwai waƙoƙin gasa, inda ɓangare biyu ke jifan juna da habaici har ɗaya ya rasa amsa. Akwai kuma lazhe na Amdo, waƙar soyayya da sunanta ke nufin waƙar mashigin tsauni. Al'ada ta hana rera ta a cikin gida, ko a gaban iyaye, ko inda ɗan'uwa da 'yar'uwa suke zaune tare. Wurinta shi ne wajen gari.

Rawa da kayan kiɗa

Rawar da ta fi yaɗuwa ita ce gorshey, rawar da'ira. Maza a gefe guda, mata a gefe guda, su zagaye wuta ko tsakiyar fili, suna tafiya ta hannun da agogo ke bi, kamar yadda ake kewaya wuraren ibada. Ana farawa a hankali, a ƙare da sauri. A ƙauye ba a buƙatar makaɗi, domin muryoyi da dukan ƙafa sun wadatar. A Kham, musamman yankin Batang, wani mai goge ne ke jan gaba da piwang, ƙaramin goge mai tsirkiya biyu, sauran na biye suna wurga dogayen hannayen riga.

Kayan kiɗan da ya zama alamar Tibet shi ne dramyin, molo mai dogon wuya da tsirkiya shida da aka jera biyu-biyu, wanda ake sassaƙa kansa da siffar doki ko wata dabba. Da shi ake toeshey, waƙoƙin da suka gangaro Lhasa daga tuddan yamma. Makaɗin kan kaɗa, ya rera, ya kuma taka rawa a lokaci guda, yana buga ƙafa da sauri. A birni har katako ake shimfiɗawa don sautin takun ya fito.

Nangma kuwa kiɗan manyan gidajen Lhasa ne. Ana fara shi da waƙa mai natsuwa, a rufe da rawa mai sauri, ana haɗa dramyin da piwang da sarewa da ƙararrawa da wani akwati mai tsirkiya da yawa da ake bugawa da 'yan sanduna. Ruwayar gargajiya tana danganta bunƙasarsa da ƙarshen ƙarni na 17. Wasu na cewa sunan ya fito daga kalmar Tibet mai nufin ciki, wato kiɗan cikin gida. Wasu kuma na ganin daga kalmar naghma ya samo asali, wadda ke nufin karin waƙa a Farisanci da Urdu. Abin da ke ƙarfafa ra'ayi na biyu shi ne Musulmin Lhasa, waɗanda ake kira Khache saboda kakanninsu daga Kashmir suka zo, suna cikin fitattun makaɗan ƙungiyar nangma a farkon ƙarni na 20, tare da shahararren makahon makaɗin nan Acho Namgyal.

Lhamo, cham da Gesar

Lhamo wasan kwaikwayo ne da ake yi da waƙa da rawa da abin rufe fuska, a fili, wani lokaci daga safe har yamma. Ganga da faifan tagulla biyu da ake gwarawa su kaɗai ne kayan kiɗansa, sauran aikin na murya ne. Ana jingina kafa shi ga Thangtong Gyalpo, malamin addinin Buddha da ya shahara a ƙarni na 15 wajen gina gadojin sarƙar ƙarfe, wanda ruwaya ta ce da wasan ya riƙa tara kuɗin aikin. Babban lokacinsa shi ne bikin Shoton, bikin kindirmo, da ake yi a Lhasa lokacin bazarar can.

Cham rawar ibada ce ta 'yan zuhudu a gidajen ibada, da manyan ƙahonnin ƙarfe masu kama da kakaki da ake kira dungchen, da gyaling mai kama da algaita. Gesar kuma labarin wani sarki ne jarumi, wanda ake sa shi cikin mafiya tsawon waƙoƙin jarumta a duniya. Masu rera shi, da yawansu makiyayan da ba su yi karatu ba, kan kwashe kwanaki suna zubo shi da ka. Wasunsu na cewa a mafarki aka ba su.

Zambo ya girmi mulkin Beijing

Shigar waƙa cikin siyasa a Tibet ta daɗe kafin zuwan sojojin Sin. Tsohuwar gwamnatin Lhasa tana hannun manyan malamai da 'yan sarauta, talakawa da yawa kuma suna ɗaure da gandayen masu mulki da na gidajen ibada. Babu jaridar da za ta soki mai iko. Abin da ake da shi shi ne waƙoƙin titi: baiti ɗaya mai ɗango huɗu, wanda ba a san mai shi ba, da zai wayi gari a bakin mata masu ɗebo ruwa, yana yi wa minista ko muƙaddashin mai mulki zambo cikin hoton dabba ko tsiro. Masanin nan Melvyn Goldstein ya tattara irinsu, ya nuna cewa a bainar jama'a ake rera su, kuma ana zargin wasu daga cikin manyan ne ke tsara su a ɓoye don cin zarafin abokan hamayya.

Hukuma ma tana da nata hannun a ciki. Zuwan ƙungiyoyin lhamo bikin Shoton wani nau'in haraji ne da aka ɗora musu. Ke nan tun a wancan zamani mai mulki ya san amfanin dandali, talaka kuma ya san amfanin habaici.

Bayan 1959

Sojojin Sin sun shiga gabashin Tibet a watan Oktoban 1950. A watan Maris na 1959 aka yi bore a Lhasa, aka murƙushe shi, Dalai Lama na 14 ya tsere Indiya, mutane kimanin 80,000 suka bi bayansa. Daga nan waƙar Tibet ta rabu hanya biyu.

A cikin gida, Jam'iyyar Kwaminis ta kafa ƙungiyoyin kiɗa da rawa na gwamnati, ta ɗauki karin waƙoƙin jama'a ta ɗora musu sabbin kalmomi na yabon jam'iyya da Mao Zedong. Fitacciyar muryar wannan zamani ita ce Tseten Dolma, wadda aka haifa a 1937 a gidan talakawa a yankin Shigatse, aka horar da ita a makarantar kiɗa ta Shanghai, ta kuma fito a gagarumin wasan juyin juya halin da aka shirya a Beijing a 1964. A wurin Beijing, ita ce shaidar cewa an 'yanta bayin gandu. Tun daga 2009 ma ranar 28 ga Maris ta zama ranar tunawa da wannan 'yantarwa a hukumance. A zamanin Juyin Juya Halin Al'adu, daga 1966 zuwa 1976, an haramta lhamo na gargajiya da cham da Gesar, aka rusa gidajen ibada masu ɗimbin yawa.

A gudun hijira, ɗaya daga cikin cibiyoyin farko da Dalai Lama ya kafa, a watan Agustan 1959, ita ce ta kiɗa da rawa da wasan kwaikwayo, wadda aka fara a Kalimpong, daga baya ta koma Dharamsala, aka san ta da TIPA. Mutanen da ba su gama samun matsuguni ba suka fara da adana waƙa. A nan Ngawang Choephel ya yi karatu. Masu wannan ɓangare na zargin cewa ƙungiyoyin gwamnati sun sauya muryar Tibet ta koma irin ta makarantun kiɗan Sin. Su ma ana yi musu tasu sukar, cewa sun daɗe suna fifita salon tsakiyar Tibet a kan na Kham da Amdo.

Kaset, molo da kurkuku

Da aka sassauta bayan mutuwar Mao, wani sabon salo ya ɓullo a Amdo mai suna dunglen, wato kaɗa ka rera. Mutum ɗaya ne da dramyin ko ƙaramin molon Turawa da ake kira mandolin. Ana danganta farkonsa da wani likita mai suna Palgon, sai almajirinsa Dubhe, wanda ya rasu a 2016, ya kai shi ko'ina ta rediyo da kaset. Dunglen ya gaji dabarar lu. Idan mawaƙi ya yi begen rana da ta faɗa bayan tsauni, ko iyayen da suka yi nisa, masu sauraro da yawa Dalai Lama suke ji, alhali a takarda ba a ambaci kowa ba.

Wasu ba su tsaya ga habaici ba. A 1993 mata 'yan zuhudu 14 da ke tsare a gidan yarin Drapchi na Lhasa suka naɗi waƙoƙi a wata rikoda da aka shigar musu a ɓoye, suna yabon Dalai Lama, suna sanar da iyalansu cewa ba su karaya ba. Kaset ɗin ya fita, ya zaga duniya. An ƙara wa kowaccensu tsakanin shekara 5 zuwa 9. Phuntsog Nyidron, wadda hukuncinta ya kai shekara 17, ita ce ta ƙarshen fita, a 2004.

Bayan zanga-zangar da ta bazu a faɗin tudun a 2008, kamen mawaƙa ya ƙaru. Ƙungiyoyin kare haƙƙin ɗan'adam sun ruwaito cewa an tura Tashi Dhondup sansanin gyaran hali na wata 15 a 2010, an ɗaure Lolo shekara 6 a 2013, Kalsang Yarphel shekara 4 a 2014, Lhundrub Drakpa shekara 6 a 2020, dukkansu saboda waƙa. A watan Fabrairun 2022 Tsewang Norbu, matashin mawaƙin da ya yi suna a gasar waƙa ta talabijin ɗin Sin, ya cinna wa kansa wuta a gaban fadar Potala, ya rasu. Irin waɗannan labarai kan fito ne ta hannun 'yan gudun hijira, domin ɗan jaridar waje ba ya shiga Yankin Mai Cin Gashin Kai sai da izini na musamman. A nata ɓangaren, Beijing na kallon irin waɗannan shari'o'i a matsayin yaƙi da masu neman raba ƙasa.

Gado a kan dandali

Gwamnatin Sin tana kashe kuɗi a kan al'adun Tibet, kuma wannan ba ƙarya ba ne. Jerin al'adun gado na ƙasa da ta fitar a 2006 ya ƙunshi rawar da'ira, da rawar goge ta Kham, da lazhe, da lhamo, da Gesar. Ana ba wasu gwanaye muƙamin magada tare da alawus, an naɗi masu rera Gesar an buga littattafai masu yawa. Rawar da'ira, da sunanta na Sinanci guozhuang, ta zama motsa jikin yamma a dandalin birane irin su Chengdu da Xining, inda Sinawa da 'yan Tibet ke takawa tare.

Tambayar ita ce abin da ke faruwa da waƙa idan aka ɗauke ta daga wurinta. Lazhe da al'ada ta hana rerawa a gaban dangi yanzu ana gasarta a talabijin. Waƙar daɓe ta zama abin nuna wa 'yan yawon buɗe ido. Sunan nangma ya koma kan gidajen rawar dare na Lhasa. Tun 2013 ake gabatar da wani katafaren wasa a wajen birnin kan Gimbiya Wencheng, 'yar gidan sarautar Tang da aka aurar wa Sarki Songtsen Gampo a ƙarni na 7, labarin da hukuma ke kafa hujja da shi cewa alaƙar Tibet da Sin tsohuwa ce. Ba gwamnati kaɗai ke kawo sauyin ba. Injin girbi, da wayar hannu, da ƙaura zuwa birni sun kashe waƙoƙin aiki a ƙasashe da yawa. Bambancin Tibet shi ne hukuma ɗaya ce ke zaɓar waƙar da za a ba kyauta da wadda za a kai kotu, ita ce kuma ta tsugunar da makiyaya masu yawa a sabbin unguwanni, nesa da filin da aka yi lu dominsa.

Harshe ne gindin maganar

Waƙar da ke rayuwa a kan habaici tana buƙatar mai sauraron da ya san harshen har ƙasansa. A watan Fabrairun 2023 wasu ƙwararru masu zaman kansu na Majalisar Ɗinkin Duniya suka bayyana damuwa cewa yaran Tibet kimanin miliyan ɗaya suna makarantun kwana na gwamnati, inda kusan duk karatun da Sinanci ake yi. Beijing ta musanta zargin, ta ce nisan ƙauyuka ne ya sa ake buƙatar makarantun, kuma da yardar iyaye ake shiga. Ko wane bayani aka ɗauka, yaron da ya shafe mafi yawan shekara nesa da kakarsa ba zai ji waƙar tatsar nono daga bakinta ba. Ana iya koya masa takun gorshey a filin makaranta cikin mako guda. Gane abin da baiti na uku yake nufi kuwa sai an zauna da masu harshen.

Wannan ne ya sa rawar da'ira ta samu sabon aiki a waje. Bayan 2008 wata al'ada ta taso mai suna Lhakar, wato Farar Laraba, saboda ana ɗaukar Laraba a matsayin ranar Dalai Lama. A ranar mutane kan sa tufafin gida, su yi magana da harshensu zalla, su ci abincin gida. A Dharamsala da Toronto da New York, 'yan Tibet kan taru da yammacin Laraba su yi gorshey, tsofaffin da suka tsallako tsauni da ƙafa da jikokinsu da aka haifa a baƙuwar ƙasa. Da yawa daga cikin waƙoƙin da lasifikarsu ke kaɗawa a cikin Tibet aka naɗe su, ta intanet suka fito. A daren da ake takawa a Toronto ana takawa a Chengdu, wani lokaci da waƙa iri ɗaya. A wuri ɗaya ana kiran abin nishaɗin ƙananan ƙabilun ƙasar Sin, a ɗaya wurin kuma shaidar cewa al'ummar tana nan da ranta.